Sanarwa: Tattaunawar Asabar a kan Dorothy Height

Salamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Ranar Asabar bayan sallar Isha'i za mu tattauna a kan Dorothy Height, ƴar cocin Methodist a Amurka da ta ƙarar da rayuwarta wajen ƙwato wa baƙar fata haƙƙinsu. An haife ta a Richmond a 1912, ta rasu a 2010.

A 1929 kwalejin Barnard ta ba ta gurbin karatu, amma da ta je aka ce gurbi biyu kacal ake ware wa baƙaƙe, kuma sun cika. Sai ta tafi Jami'ar New York. Daga 1957 ta shugabanci majalisar matan baƙar fata ta ƙasar, har shekara 40.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gangamin neman haƙƙin baƙar fata da aka yi a Washington a 1963. Tana kan dandamali kusa da Martin Luther King, jagoran gwagwarmayar baƙar fata, amma ba a ba ta damar jawabi ba, alhali da ita aka yi wahalar shiri. Nan nake so mu fi tsayawa, musamman ku iyayenmu mata.

Don Allah a rage tura saƙon murya mai tsawo.