Rahoton kwamitin gyaran ɗakin littattafan yara

Zuwa ga iyayen yara, masu ba da gudummawa da 'yan sa-kai.

Aikin gyaran ɗakin da muke ajiye littattafai ya kammala. Mun karɓi makulli, littattafai sun koma kan kantoci. Ga bayanin abin da aka yi da amanar da kuka ba mu, har da inda muka yi kuskure.

Domin waɗanda suka shigo cikinmu kwanan nan: duk yaron da aka yi wa rajista ana aika masa littafi ɗaya kowane wata ta gidan waya, kyauta, da sunansa a bayan ambulan, tun daga haihuwa har ya cika shekara 5. Wanda aka rubuta tun yana jariri zai tashi da littafi 60 nasa na kansa. Mun kwaikwayi tsarin ne daga Imagination Library, wanda mawaƙiya Dolly Parton ta fara a 1995 a gundumar Sevier ta jihar Tennessee a Amurka, daga baya ya bazu zuwa Kanada a 2006 da Birtaniya a 2007. Sai dai akwai bambanci guda, kuma shi ya jawo mana aikin gini. A wancan tsarin ƙungiyoyin yanki rajistar yara suke yi da tara kuɗi, gidauniyar Dolly Parton ce take zaɓen littafi a aika wa yaro kai tsaye. Mu kuwa da kanmu muke tsaye: mu saya, mu ajiye, mu sa a ambulan, mu manna kan sarki, mu kai gidan waya.

Matsalar danshin ɗakin ta fito fili ne ranar da wata 'yar sa-kai ta ɗaga kwalin da ke can ƙasa a kusurwa, gindinsa ya zube a hannunta. Littattafan jarirai ne a ciki, irin masu kaurin shafi da ake yi don kada yaro ya yaga. Sun kumbura kamar an hura su, shafukan sun manne da juna, in ka matsa sai hoton ya ɓare ya bi yatsa. Ga warin fumfuna ya cika hanci. Takardar da ta jiƙa kan fara yin fumfuna cikin kamar awa 48 in ba a shanya ta ba, waɗannan kuwa Allah kaɗai ya san makonni nawa suka yi a haka. Ba a yi doguwar muhawara a kansu ba. Littafin da jariri zai kai baki ba a goge shi a aika, zubar da su muka yi.

A nan ne muka yi kuskurenmu. Da muka ɗaga kai muka ga tabon ruwa a silin, sai muka yanke cewa rufi ne yake yoyo. Muka kira mai gyara, ya hau, ya liƙe ramukan ƙusa, ya sauko, muka biya shi. Ruwan farko da ya sauka bayan haka bai ɗiga ko ɗaya ba, muka yi ta murna. Amma warin bai tafi ba, kwalayen ƙasa suka ci gaba da yin laushi. Laifin namu ne, ba nasa ba: abin da muka nuna masa shi ya gyara.

Wani dattijon magini daga cikin iyayen yaran ne ya warware mana. Ya zo da leda mai kauri, ya shimfiɗa ta a kan daɓe, ya bi gefunanta da salatef ta yadda iska ba za ta shiga ba, ya ce kada kowa ya taɓa sai jibi. Da muka ɗaga ta, ƙasan ledar ya yi gumi, simintin da ke ƙarƙashinta ya yi duhu, sauran ɗakin kuwa fari tas a ido. Daga ƙasa danshin yake tasowa. Sannan ya zagaya da mu bayan ɗakin ya nuna mana indararo: ya toshe da ganye, ruwan rufi gaba ɗaya a gindin bango yake zuba, ƙasar wurin kuma ta karkata ne zuwa ginin. Shekara da shekaru muna wucewa ta nan, ba wanda ya taɓa tsayawa ya duba.

Daga nan aikin ya bi hanyar ruwa, daga sama zuwa ƙasa. An cire kwanon da ya yi tsatsa da katakon da ya ruɓe, an sa sabon indararo da bututu mai kai ruwa nesa da bango, an gyara ƙasar waje ta gangara ta bar ginin. A ciki an fasa tsohon daɓe, an shimfiɗa leda mai hana danshi, sannan aka zuba kankare a kanta. An kankare fulastar da ta ɓuɓɓuga a ƙasan bango aka sake ta.

Abin da ya fi cin rai shi ne jira. Kankare yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai ƙarfinsa, ana kuma shayar da shi ruwa a makon farko, bayan haka yana ci gaba da fitar da danshi na wani lokaci. Da yawa daga cikinmu sun ƙosa, ɗaki ga shi ya yi kyau, me ake jira? Maginin ya ƙi. Sai da aka maimaita gwajin leda aka ɗaga ta a bushe kafin ya yarda a shigo da kwali ko ɗaya. Mun sayi ɗan ma'aunin laima mun rataye a bango. Masu adana takardu suna gargaɗin cewa fumfuna tana samun wuri idan laimar iska ta zarce kusan kashi 65 cikin 100, don haka duk wanda ya buɗe ɗakin yanzu zai duba ma'aunin ya rubuta a littafin da ke rataye kusa da shi. An kuma buɗe ƙaramar taga ta sama a bangon da ke fuskantar ƙofa don iska ta ratsa, da raga a jikinta saboda ƙwari.

A kan batun kantoci an ɗan yi jayayya. Kafinta ya kawo shawarar katako, ya fi sauƙi kuma ya fi kyan gani. Mun zaɓi ƙarfe, saboda gara, saboda kuma katako yana shan danshi ya riƙe. Matakin ƙasa ya ɗaga daga daɓe fiye da santimita 10, an kuma bar tazara tsakanin kanta da bango. Kafintan bai tafi hannu rabbana ba: shi ya yi dogon teburin da ake shirya ambulan, a tsayin da mutum zai yi aiki a tsaye ba tare da ya duƙa ba. Duk wanda ya taɓa wuni yana manna adireshi a sunkuye ya san dalili.

An jera kantocin bisa shekarar haihuwa, domin littafin ɗan wata shida daban yake da na ɗan shekara huɗu, kuma a tsohon ɗakin an sha haɗa su. Akwai kanta guda ta musamman kusa da ƙofa, ta ambulan da suka dawo. Kullum sai an samu, yawanci saboda iyali sun tashi ba su sanar ba. A da cikin kwali ake jefa su a manta. Yanzu suna inda ido zai gan su, kuma an ɗora wa mutum ɗaya alhakin kiran iyayen kafin aikawar wata mai zuwa.

Rajistar yara ma ta samu wurinta. Sunaye, ranakun haihuwa da adireshin gidajen ƙananan yara abu ne da bai kamata ya kwana a kan tebur ba, amma haka yake kwana a da, mu faɗi gaskiya. Yanzu akwai kabad na ƙarfe mai kwaɗo, takardun rajista da kwamfuta a ciki, makulli a hannun sakatare da shugabar kwamiti kaɗai. A bakin ƙofa an maye matakala da gangare mai sauƙi, tsawon santimita 12 ga kowane tsayin santimita 1, yadda keken guragu, keken jariri da baron kwalaye duk za su hau.

Batun kuɗi. Tun zaman farko muka yi alkawarin ba za a taɓa asusun littattafai ba, domin wanda ya bayar don a aika wa yaro littafi bai bayar don siminti ba. An buɗe asusu daban na gini, kuma da shi aka yi komai. Akwai lokacin da ya yi ƙasa har aka kawo shawarar a ranta daga ɗayan, a mayar daga baya. Ma'aji ta ce a'a, aikin ya tsaya kwanaki har gudummawa ta shigo. Kuɗin gyaran rufin farko, wanda bai magance danshin ba, yana cikin lissafi da sunansa, ba mu ɓoye shi ƙarƙashin wani abu ba. Rasit ɗin komai yana hannun ma'aji, duk mai son gani ya zo.

Duk tsawon aikin a falon wata daga cikinmu aka riƙa shirya ambulan, kwalaye har bayan kujeru. Ba a tsallake wata ko ɗaya ba, amma sau ɗaya littattafan sun fita a makare, muna ba iyaye haƙuri.

Abu biyu suka rage. Fentin waje bai samu ba, mun bar shi da gangan sai asusun gini ya farfaɗo. Sannan indararo yana buƙatar mai share shi kafin ruwa ya fara sauka da bayan ya ɗauke. Takardar sa suna tana manne a bayan ƙofa, har yanzu layin farko ne kawai aka cike.

Kwamitin gyara