Ku sake sa mana Moanin', amma daga farko har ƙarshe

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da dukkan ma'aikata, na rubuto ne a kan shirinku na kaɗe-kaɗen duniya na daren Asabar ɗin da ta wuce. Ni mai gyaran rediyo da lasifika ne, kuma a wannan daren ina shago ina liƙe wata waya da dalma sai na ji fiyano ya yi kira, ƙaho da saksofon suka amsa masa. Nan take na ajiye aikin. Moanin' ne, na makaɗin ganga Art Blakey da ƙungiyarsa ta Jazz Messengers. Rabon da in ji shi a rediyo har na manta. Allah Ya saka wa wanda ya zaɓo shi da alheri.

Sai dai ba a yi minti uku ba aka rage sautin, mai gabatarwa ya shigo da gaishe-gaishe, sannan ya ce sabon bugun da aka yi wa faifan, wanda ake cewa sautinsa ya fi na CD, dabarar 'yan kasuwa ce kawai don a sake sayar wa mutane abin da suke da shi. Ranka ya daɗe, akwai gaskiya a maganarsa, amma ba ita ce duka ba.

Inda ya yi gaskiya shi ne wajen lambobi. CD yana ɗaukar sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, da bit 16, wato ma'aunin yawan bayanin da ke cikin kowace ɗauka. Sabon bugun kuwa ana samunsa da kilohaz 192, wato sau 192,000 a daƙiƙa, da bit 24. Kunnen ɗan Adam, ko na yaro mai ƙuruciya, ba ya wuce wajen kilohaz 20, kuma CD ya riga ya ɗauki wannan duka. Mu da shekaru suka ja, namu bai ma kai nan ba. Ga kuma nauyi: faifan na wajen minti 40 ne, a MP3 ƙarami bai kai megabayit 40 ba, amma a wancan babban tsarin ya haura gigabayit ɗaya. Wanda zai saurara ta lasifikar waya, asarar data kawai zai yi.

Abin da bai faɗa ba shi ne daga ina sautin yake fitowa. An ɗauki wannan kiɗa ranar 30 ga Oktoba, 1958, a garin Hackensack da ke jihar New Jersey a Amurka, a falon gidan iyayen Rudy Van Gelder. Shi Van Gelder a lokacin aikin duba ido da ba da tabarau yake yi, ɗaukar sauti kuma ya mayar da shi aikinsa na biyu, sai a 1959 ya koma ɗakin da ya gina a Englewood Cliffs. Alfred Lion na kamfanin faifai na Blue Note ne ya shirya zaman. Abin da aka kaɗa a falon nan ya sauka a kan zaren tef, kuma wannan zaren shi ne uwa. Duk faifan garmaho da kaset da CD da ke duniya 'ya'yansa ne da jikoki. Idan aka kwafa daga kwafi, aka sake kwafa, aka matse shi don ya shiga waya, aka tura wa wani ya sake turawa, kowane hannu sai ya rage wani abu. Sake gyaran sauti, idan an yi shi da gaskiya, komawa ce ga uwar: a ɗora ta a kan na'ura mai kyau, a daidaita gudunta, a kwafe ba tare da an cika mata ƙara ba. Wannan kulawar ita ake ji a kunne, ba yawan lambobin ba.

Na san haka domin na gwada. Ina da tsohon faifan da na gada wurin kawuna, Allah Ya jiƙansa, ya sha allura har yana ƙaras-ƙaras kamar ana suya. Ina da kuma wanda aka turo min a waya. Da wani abokin sana'a ya kawo sabon, muka haɗa shi da lasifika biyu masu kyau bayan kasuwa ta tashi, aka kashe janareto na maƙwabta. Abin da ya fara kama ni ba ƙahon ba ne, bes ɗin Jymie Merritt ne, ƙaton gogen nan da ake kafawa a ƙasa ana jan tsirkiyarsa da yatsa. A na waya gunji kawai yake yi a can ƙasa. A nan kuwa ana jin yatsa ya ja tsirkiya, ana jin katakon ya amsa. Farantan tagullar Blakey da a waya suke fita kamar ana watsa yashi a kwano, a nan kowane bugu yana da farkonsa, yana da inda yake mutuwa a hankali.

Shi ya sa yanke kiɗan ya dame ni. Moanin' ya kai minti tara da rabi, kuma a jere aka gina shi. Bobby Timmons, mai fiyanon, wanda ya tsara shi, ɗan limamin coci ne, kuma daga can ya ɗauko wannan kira da amsa. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa bayaninsa, mun san mawaƙi da 'yan amshinsa. Salon da ake kira hard bop ke nan: a tsakiyar shekarun 1950 makaɗa baƙaƙen fata suka ɗauki saurin bebop, salon jazz da ya gabace shi, da wuyarsa, suka mayar masa da blues da kiɗan coci don ya sauka a ƙirjin mutane. Bayan amshin sai Blakey ya narka sanduna a fatar ganga, rugugi ya taso kamar hadarin gabas, Lee Morgan ya faɗo da ƙahonsa. Shekararsa 20 a lokacin. Yana lanƙwasa sauti, yana danne shi rabi, kamar mai magana da haƙora a cije. Da ya gama, Benny Golson mai saksofon ya ɗauki ainihin jimlar da Morgan ya ajiye, ya fara nasa da ita. A daidai gab da wannan miƙa hannun aka rage sauti ranar Asabar. Masu sauraro ba su ji Golson ba, ba su ji Timmons ba, ba su ji Merritt ba.

Morgan da Golson da Timmons da Merritt duk 'yan Philadelphia ne, Golson ne ya jawo sauran, kuma shi ya rubuta yawancin abin da ke faifan, har da Along Came Betty da Blues March. Blakey shi ɗan Pittsburgh ne. A ƙarshen shekarun 1940 ya zo Afirka ta Yamma, ya kuma karɓi Musulunci da sunan Abdullah Ibn Buhaina, abokansa na kiransa Bu. A 1962 ya yi wani faifai, The African Beat, tare da Solomon Ilori ɗan Nijeriya, wanda ya buga kalangun Yarbawa a ciki. Da mai gabatarwa ya faɗi ko wannan kaɗai, da mutane da yawa sun ƙara matso da rediyo.

Yau babu ko ɗayansu a raye. An harbe Morgan a New York a 1972 yana da shekara 33, Timmons ya rasu a 1974, Blakey a 1990, Merritt a 2020, Golson a 2024. Van Gelder ma ya rasu a 2016. Abin da ya rage na wannan rana shi ne zaren nan, kuma ana iya komawa gare shi ne saboda an adana shi. Ba kowane ne ya yi wannan sa'ar ba, gobarar da ta tashi a ma'ajiyar kamfanin Universal a Kalifoniya a 2008 ta cinye tarin irin waɗannan zaruruwa na asali. Wannan ne ke sa in tuna da namu. Na sha karɓar tsofaffin kaset na Shata da Ɗan Maraya Jos a shago, zaren ya manne saboda zafi, ko ya yi fumfuna bayan damina, mai shi yana roƙo a ceto masa ko waƙa ɗaya. Idan akwai zaruruwan asali a ma'ajiyarku, don Allah a duba su, a kwafe su a babban tsari tun suna juyawa. A wajen adanawa kam, bit 24 ɗin nan yana da amfani sosai.

Roƙona, ranka ya daɗe, ku samo kwafi mai kyau na Moanin', ko da na CD ne, irin wanda Van Gelder ya sake gyarawa da hannunsa a 1999. Ku sa shi a shirin Asabar, a yi gaishe-gaishen kafin a fara, sannan a bar shi ya tafi har inda fiyano da ƙahoni suka koma kan amshinsu na farko. Zan kasance a shago da rediyo a kunne.

Na gode. Allah Ya ƙara basira.

Mai sauraronku na kullum,
daga Zariya