Wasiƙar Godiya ga Gidan Tarihin Vasa da ke Stockholm

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Gidan Tarihin Vasa,

Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, na rubuto wannan wasiƙa ne a bainar jama'a domin in gode muku a kan taimakon da aikinku ya yi mini. Ni kafinta ne da ke zaune a ƙasar Suwidin, kuma shekara uku ke nan ina harhaɗa da katako ƙaramin samfurin Vasa, jirgin ruwan yaƙin Suwidin da ya nutse a 1628 wanda ke ajiye a gidanku, a ma'aunin kashi 1 cikin 75, wato jirgin da tsawonsa ya kai mita 69 zai dawo bai cika mita ɗaya ba a kan teburina.

Wahalar da mai wannan aiki yake fara cin karo da ita ita ce, jirgin ba shi da zanen gini na asali. Henrik Hybertsson, gwanin da ya zo daga Holan ya jagoranci aikin a zamanin Sarki Gustav Adolf na Biyu, ya bi al'adar magina jirage na lokacinsa ne, waɗanda suke dogara da lissafin awo da ƙwarewar ido. Saboda haka duk wani awo da na yi amfani da shi, tun daga lanƙwasar haƙarƙarin jirgin har zuwa tazarar tagogin igwa, ya samo asali ne daga haƙurin ma'aikatanku da suka auna jirgin katako bayan katako, tun bayan da aka tsamo shi daga ruwa a ranar 24 ga Afrilu, 1961, bayan ya shafe shekara 333 a ƙarƙashin teku.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne batun launi. Na fara shafa wa bayan jirgina shuɗin fenti da ruwan zinariya, domin haka na gani a tsofaffin hotuna, kuma haka aka daɗe ana zato. Ranar da na tsaya gaban babban samfurinku mai ma'aunin kashi 1 cikin 10, wanda ke ajiye kusa da jirgin kansa, sai na tarar da ja ne ya mamaye jikinsa, su kuwa sassaƙe-sassaƙen zakoki da mayaƙa da sarakuna an ƙawata su da launuka masu haske iri-iri. Wata ma'aikaciyarku ta tsaya ta yi mini bayani a natse cewa daga ɓurɓushin fentin da ya maƙale a jikin katakon ne masana suka gano launukan gaskiya, ta hanyar duba shi da madubin ƙara girma. Na koma gida na kankare aikin wata biyu ba tare da wani baƙin ciki ba, domin gyara ne da ya zo da hujja. A ganina, gidan tarihin da ya yarda ya sauya abin da aka saba faɗa saboda sabuwar shaida ya cancanci a amince da maganarsa.

Haka kuma na yaba da yadda ba ku ɓoye aibin jirgin ba. Kun nuna a fili cewa nauyin samansa ya yi yawa, da igwa 64 da yake ɗauke da su, alhali duwatsun da aka jibge a cikinsa ba su isa su daidaita shi ba, har ma gwajin da aka yi na sa mutum 30 su riƙa gudu daga gefe zuwa gefe sai da aka dakatar da shi don gudun kada ya kife tun yana bakin gaɓa. A ranar 10 ga Agusta, 1628, iska ta karkatar da shi, ruwa ya kwarara ta tagogin igwa da ke buɗe, ya nutse bayan tafiyar kimanin mita 1,300, aka rasa rayuka kusan 30. Sai da na ɗaga gangar jikin samfurina a hannu, na ga rashin faɗinta idan aka gwada da tsayinta, sannan wannan bayani ya zauna mini sosai.

Ina kuma jinjina wa waɗanda suka yi shekara 17 suna fesa wa katakon sinadari don kada ya tsattsage idan ya bushe, da waɗanda ke kula da sanyi da laimar zauren a yau.

Yanzu na kai matakin kafa jigo, wato dogon sandan da ake ɗaura wa ƙyallen da iska ke tura jirgi da shi, da ɗaura igiyoyi, wanda shi ne ya fi cin lokaci, kuma da yardar Allah zan dawo da littafin zanena domin in sake duban yadda aka ɗaure igiyoyin babban jigon kafin in sa hannu a nawa. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa wannan gida ɗaukaka.

Naku cikin girmamawa,
Wani kafinta mai harhaɗa ƙananan jiragen ruwa