A Tallafa wa Ɗakunan Karatu Su Koya wa Iyalai Jinyar Masu Gigin Tsufa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarku domin yin kira ga gwamnatocin jihohi da ƙungiyoyin ba da tallafi game da cutar mantuwa, wadda aka fi sani da gigin tsufa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da ita, fiye da kashi 60 cikin 100 nasu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. A wurinmu, da tsohuwa ta fara manta sunan jikoki ko tana zargin surukarta da sata, sai a ce sammu ne ko iska, wani lokacin har a jefe ta da maita. In an kai ta asibiti, likita ba shi da lokacin koya wa iyali yadda za su zauna da ita shekara da shekaru.

Ɗakin karatu zai iya cike wannan gurbi, tunda ba mai jin kunyar a gan shi a can. A Ingila, tun 2015 ɗakunan karatu ke ajiye littattafan da masana lafiya suka tantance kan cutar. A Holan kuma, Dokta Bère Miesen ya fara zaman hira na marasa lafiya da iyalansu a Leiden a 1997, kuma yanzu ɗakunan karatu da dama a Amurka suna yin irinsa. Ba abin da zai hana ɗakin karatu na Murtala Muhammad a Kano ya ƙulla irin wannan da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Sai dai a kula da inda kuɗin za su tafi. In aka ƙare su a bikin buɗewa da littattafan Turanci, an yi asara, domin masu jinyar akasari mata ne, 'ya'ya da surukai, da yawansu sun fi gane saurare. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da darussa na kyauta ga masu jinya mai suna iSupport. A fassara su, a naɗe su da murya, minti 5 kowanne, a tura ta WhatsApp. A horar da ma'aikatan ɗakin karatu biyu, ba ɗaya ba, saboda canjin wurin aiki. A biya kuɗin motar ma'aikaciyar jinya da za ta zo sau ɗaya a wata, da hantsi, mutum 15 zuwa 20 a zama.

Darasi na farko shi ne bambance gigin tsufa da ruɗewar farat ɗaya. Gigin tsufa a hankali yake shigowa, wata da watanni. Wanda ya ruɗe cikin kwana ɗaya ko biyu, ciwon fitsari, zazzaɓi, faɗuwar sukari ko wani magani na iya zama sanadi, kuma asibiti za a kai shi a ranar. Ƙarancin bitamin B12 da ciwon damuwa ma kan kawo mantuwa, kuma suna da magani. Bayan haka a koya wa masu jinya kada su yi musu da mara lafiya. In Baba ya ce zai tafi gona alhali ya bar noma tuntuni, a ce masa ya sha kunu tukuna, musun ne ke tayar da hankalinsa. A kunna fitila kafin magariba, lokacin da rikicewar ta fi tsananta. A ɗinke lambar waya a jikin rigarsa, a kulle magunguna da fiya-fiya.

Ma'aikacin ɗakin karatu kada ya yanke hukuncin wace cuta ce. Nasa shi ne miƙa takardar turawa asibiti. Mai ba da tallafi kuma ya sa sharaɗin hukumar ɗakunan karatu ta jiha ta saka aikin a kasafinta kafin shekarar tallafin ta ƙare, ya kuma nemi adadin iyalan da suka dawo zama na uku da waɗanda suka isa gaban likita.

Wassalam.

Wasu ma'aikatan jinya da na ɗakin karatu,
Kano