Wasiƙa Ga Ɗana Kan Gardamar Fifikon Maza

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Yayarka ta ba ni labarin gardamar da kuka tafka, inda ka dage cewa rinjayen maza a kan mata halitta ce tsantsa, tunda namiji ya fi ƙarfin jiki. Ban ƙi ta taka gaba ɗaya ba, domin galibi maza sun fi mata ƙarfin damtse, amma da ƙarfi ne ke raba mulki, da 'yan kokawa ne sarakunan duniya.

Masana sun daɗe suna ja-in-ja a kan wannan. A 1884 Friedrich Engels, masanin falsafa ɗan ƙasar Jamus, ya ɗora laifin a kan dukiya: da namiji ya tara abin hannu, ya so ya tabbatar ɗan cikinsa ne zai gaje shi, sai ya tsananta tsaron mace. A 1970 kuma Ester Boserup, masaniyar tattalin arziki 'yar ƙasar Denmark, ta lura cewa inda ake noma da fartanya mata suna da babban rabo a gona, amma inda garmar shanu ta kankama sai aikin ya koma hannun maza, mata suka koma cikin gida. Hujjarta ta fi kwanta mini, ko da yake ba ta kashe bakin zaren ba. Dubi mutanen Minangkabau na tsibirin Sumatra a ƙasar Indonesiya: Musulmi ne, ta wajen uwa ake gadon gida da gona, amma shugabancin dangi yana hannun kawu.

Abin da ya fi damuna shi ne batun hali. Ka ce maza sun fi jarumta, mata sun fi kunya, don haka kowa ya tsaya inda halinsa ya ajiye shi. To, wa ya dasa halin? Ina tune da ranar da ka faɗi kana ɗan shekara 5, gwiwarka tana jini, na ce maka namiji ba ya kuka, ka haɗiye hawaye kana shessheƙa. Ba a rufa mako ba na tsawata wa yayarka don ta ɗaga murya gaban baƙi, abin da kai kake yi kullum ana dariya. Da bakina na yi wannan rabon ban sani ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wanda ya tarar da shi a bushe kuwa sai ya rantse haka ya tsiro.

In kun sake zama, ka bar ta ta dire maganarta, domin ta ce sau uku kana katse ta. Ka kuma tambaye ta ranar baƙin nan. Ba ta manta ba.

Mahaifiyarka