Wasiƙar Godiya Ga Shagon Kayan Kwamfuta Da Ke Titin Beirut, Kano

Zuwa ga Alhaji mai shago da dukkan yaran shagonsa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, kasuwa kuma tana albarka, na rubuto wannan wasiƙa ne a bainar jama'a domin in gode muku bisa ɗawainiyar da kuka yi da ni lokacin da na ƙudiri aniyar shimfiɗa wayar intanet a cikin bangon gidana da hannuna. Godiyar da na yi muku a bakin kanta ranar da na mayar da na'urar gwajinku ba ta ishe ni ba, domin a tsaitsaye na yi ta, ga masu saye sun cika shagon.

Gidana bene ne, ginin bulo da siminti, tsakanin ƙasa da sama kuma akwai kankare mai kauri da rodi a cikinsa. Rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet a gidan, tana falon ƙasa, ɗakin da 'yata take karatu yana sama, ita kuwa ɗalibar jami'ar NOUN ce, wadda yawancin karatunta ta intanet ake yin sa. Da ƙyar Wi-Fi yake hawa benen, ya kuma yanke a daidai lokacin da ake buƙatarsa, har yarinyar ta koma zama a kan matakala da kwamfuta a cinya. Na kalli bidiyon masu wannan aiki da yawa, sai dai galibinsu a Amurka aka ɗauka, inda bangon ɗaki katako ne da allo, tsakiyarsa fayau, mutum ya huda sama ya huda ƙasa ya zura waya ta sauko da kanta. Namu bangon ba haka yake ba, kuma a shagonku na fara samun wanda ya yi mini bayani da irin gininmu a zuciyarsa.

Abin da ya kawo ni wurinku ranar farko ƙarami ne: kawunan RJ45, waɗanda ake ɗaurawa a bakin wayar intanet, da filayar matse su. Wayar kuwa na riga na saye ta da araha a wani wuri, tana cikin leda a hannuna. Yaronku da ke bakin kanta ya ce, “Baba, in ga wayar tukuna.” Ya yanki ɗan guntu, ya feɗe rigar, ya zaro sili ɗaya daga cikin takwas, ya kankare shi da reza a gabana. Jan da ke samansa ya tafi, sai ga farin ƙarfe yana ƙyalli. Nan kuka taso daga kujerarku, Alhaji, kuka bayyana mini cewa wannan ita ake kira CCA, wato alminiyam da aka yi wa shafen jan ƙarfe, ba ta ɗaukar saƙo da wuta kamar jan ƙarfe zalla, tana saurin karyewa idan an lanƙwasa ta, tana kuma ɗaukar zafi idan aka ce ta ciyar da kyamara ko wata na'ura da wuta ta cikinta. Kuka ce da a fili za a shimfiɗa ta, duk ranar da ta ba da matsala a cire, da da sauƙi, amma wadda za ta shiga bango a rufe da filasta sai an tabbatar da ita tun kafin a rufe. Na lura cewa ba ku zagi wanda ya sayar mini da ita ba, ba ku ma tambayi ko wane ne ba, wannan kuwa ya ƙara muku girma a idona. Da kun sayar mini da kawunan kun yi shiru, babu wanda zai ga laifinku, ni ma da ban taɓa sani ba sai ranar da zan sake fasa bango.

Da na ji haka sai na ce a ba ni mafi tsadar wayar da ke shagon, mai rigar ƙarfe a ciki, kuma kwali guda cur na mita 305. Ku da kanku kuka hana ni. Kuka ce wayar da ake kira Cat6 ta jan ƙarfe zalla ta ishi gida irin nawa har da ragi, tunda tana ɗaukar saƙo da gudun gigabit ɗaya a tsawon mita 100, mai rigar ƙarfen kuwa sai an haɗa ta da ƙasa yadda ya kamata kafin ta yi amfani. Kuka sa na koma gida na auna kowane layi da tef, na ƙara mita biyu ko uku a kowane baki, sannan kuka yanka mini daidai buƙatata. Na daɗe ina shiga kasuwa, amma ba kasafai nake ganin ɗan kasuwa ya rage wa kansa ciniki domin amfanin mai saye ba.

A bayan wani kwali kuka zana mini yadda aikin zai tafi, kuma kwalin yana nan na adana. Kada layi ɗaya ya wuce mita 100 tun daga rauta har zuwa kwamfuta, mita 90 a cikin bango, sauran 10 na gajerun wayoyin da ke baki biyu. Kada a binne wayar tsirara a siminti, a sa ta cikin fayif na roba mai faɗin milimita 20, ko 25 idan wayoyin sun fi biyu, a kuma bar igiya a ciki saboda gaba. Kada ta shiga fayif ɗaya da wayar wuta, a ba su tazarar kamar ƙafa guda idan za su jera, idan kuma dole su haɗu to su gitta juna kawai. Abin da kuka fi nanatawa shi ne kada in kuskura in sassaƙi ginshiƙi ko linta, domin su ke ɗauke da ginin, kuma in kashe wutar gidan gaba ɗaya kafin in sa kurfi a bango, tunda fayif ɗin masu aikin wuta yakan miƙe ne daga soket ko makunni zuwa sama, ba a kuma ganin sa daga waje.

Asabar uku na ɗauka ina aikin tare da ɗana. Na ɗauko hayar injin yankan bulo na tsaga layi biyu a jere, muka bi tsakaninsu da kurfi da guduma, ƙura ta turnuƙe falon duk da mun rufe kujeru da tsofaffin zannuwa. Wajen hawa sama na bi shawararku na zagaya ta gefen matakala maimakon huda kankaren. Sauran tafiyar ta cikin silin ce, inda zafin kwano ba ya barin mutum ya daɗe da rana, saboda haka bayan sallar asuba nake hawa da tocila. A can na ga kashin ɓeraye da wata tsohuwar wayar eriya da suka gwaguye, na tuna kun ce ko a cikin silin kada in bar wayar ba fayif. Wajen ja, ɗana yana turawa daga ƙasa ina ja a hankali daga sama, ba fizga, ba lanƙwasa mai tsanani a kusurwa, kamar yadda kuka gargaɗe ni.

Inda na fi jin amfaninku shi ne wajen ɗaura kawuna. Yaronku ya zaunar da ni a benci ya koya mini jerin launukan tsarin T568B: fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Ya sa na ɗaura kai uku a gabansa da guntayen waya, yana nuna mini kada in warware murɗin silin wayar fiye da rabin inci, domin murɗin nan shi ke kare saƙon daga hayaniyar saƙonnin da ke bin sauran wayoyin kusa da shi. Sannan kuka ba ni aron na'urar gwajin shagon ba tare da jingina ba, alhali sanina da ku bai wuce mako biyu ba.

Daren da na gama, na jona na'urar a layin ɗakin sama, ɗana yana riƙe da ɗaya ɓangaren yana kira mini lambobi. Fitilu takwas ne, ya kamata su kama ɗaya bayan ɗaya a jere. Nawa ɓangaren ya nuna uku, nasa ya nuna shida. Nawa ya nuna shida, nasa ya nuna uku. Gabana ya faɗi, domin na riga na rufe bangon da filasta, na ɗauka wayar ce ta lalace a ciki. Na kira lambar shagon bayan sallar isha, lokacin da kun daɗe da tashi, amma kuka ɗauka. Kuka saurare ni har na gama, kuka ce in kwantar da hankalina, wayar lafiyarta ƙalau tunda dukkan fitilun suna kamawa, kore ne da fari da kore suka yi musayar gurbi a baki ɗaya. Na buɗe soket ɗin sama na haska, na same su kamar yadda kuka faɗa. Cikin minti goma na gyara, fitilun suka jeru daga ɗaya har takwas.

Yau wata biyu ke nan 'yata tana karatu a ɗakinta, ba ta sake zaman matakala ba. A baki na biyu na saman kuma na jona ƙaramar na'urar Wi-Fi, wayoyin hannun mutanen gidan duka suna samu. Maƙwabta biyu sun zo sun duba aikin, na nuna musu kwalin da kuka yi zane a kai, na kuma kwatanta musu shagon.

Ina roƙon ku isar da gaisuwata ta musamman ga yaron nan mai reza, wanda haƙurinsa da ladabinsa suka nuna irin tarbiyyar da yake samu a hannunku. Allah ya ƙara wa kasuwarku albarka, ya tsare dukiyarku, ya raya muku zuriya, ya saka muku da mafificin alheri. In Allah ya yarda, bayan damina zan dawo a yanka mini wayar da za ta kai ɗakin baƙi na ƙofar gida, fayif ɗin da igiyarsa suna nan a cikin bango tun wancan aikin.

Wassalam.

Naku mai godiya,
Wani magidanci daga birnin Kano