Wasiƙa Daga Bath: Wani Tsohon Masaukin Fatake

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, kai da Inna da yara. Ni ma lafiya lau, sai sanyi.

Baba, na ga wani gini da na so a ce da idonka na magini ka gan shi. George Inn ake ce masa, a ƙauyen Norton St Philip da ke kudu da birnin Bath, a nan Ingila. Kada hankalin Inna ya tashi: gidan giya ne, amma ana cin abinci ana kwana a ciki, ni kuwa shayi kawai na sha.

Ginin ya haura shekara 500. Asalinsa na 'yan zuhudun Kirista ne na Hinton, can kusa. A nan suke tara gashin tumakinsu, a nan kuma fataken ulu ke sauka idan kasuwar shekara ta ci. Zango ne dai, irin na fataken goro a hanyar Gwanja.

Ƙasansa dutse ne zalla, bango mai kauri. Benaye biyun da ke sama kuwa daga baya aka ɗora su, da katako. Abin da ya tsayar da ni shi ne kowane bene ya turo kai waje, ya zarce na ƙarƙashinsa, ga shi har rufin ma fallen dutse ne. Na daɗe ina kallon gungumen da suka ɗauki wannan nauyi. Sun yi baƙi, wasu sun ɗan karkace, amma ko gezau. Ta baya akwai tsakar gida mai baranda, da matakalar dutse da ke murɗawa cikin 'yar hasumiya.

Ya ga tashin hankali kuma. A 1685 wani basarake, Monmouth, da ya yi wa sarkin Ingila tawaye ya yada zango a ciki. Aka ci shi da yaƙi, aka sare kansa a Landan, aka kuma kashe wasu mutanensa a ƙauyen.

Yanzu hukuma ta sa ginin a rukunin farko na kayan tarihi. Mai shi ma bai isa ya sauya taga ba sai da izini. Ni dai wannan doka ta burge ni.

Hotunan suna wayar Yaya, ya nuna maka. Kuɗin taki kuma zan turo ƙarshen wata in Allah ya yarda. A gaishe da Gwaggo da jiki.

Ɗanka mai biyayya.